Jirgin Zane a Tafkin Jabi: A Ƙera a Gida Ko a Bar wa Masana'anta?

Duk wanda ya je bakin Tafkin Jabi da yammacin Asabar zai ga jiragen ruwa iri-iri. Ga masu inji da ke zagayawa da iyalai, ga kuma wasu 'yan sirara na roba masu cin mutum ɗaya ko biyu, waɗanda ake tuƙawa da filafili mai baki biyu. Waɗannan siraran su ne kayak. Tafkin kansa madatsa ce da aka gina don shayar da sabon birnin tarayya kafin a kammala ta Usuma da ke Ushafa, amma yau ya zama wurin shan iska da wasannin ruwa. A watan Nuwamban 2023 a nan Abuja aka yi gasar tseren kwale-kwale ta Afirka, wadda daga cikinta aka fitar da masu zuwa wasannin Olamfik na birnin Faris.

Galibin jiragen robar nan ƙirar ƙasashen waje ne, kuma tun da darajar naira ta zube daga tsakiyar 2023, abin da ake shigowa da shi da dala ya fi ƙarfin matashin da albashinsa bai wuce kuɗin haya da na mota ba. Daga nan tambayar ta taso: me zai hana mutum ya ƙera nasa a gida, irin ƙirar asali, wato kwarangwal na itace da aka lulluɓe da fata ko zane? Wasu na ganin wannan hanya ce ta buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofar ruwa. Wasu kuma na ganin ganganci ne tsantsa a ƙasar da kusan kowace damina sai an yi jana'izar mutanen da kwale-kwale ya kife da su. Kowane ɓangare yana da abin faɗa, kuma bai kamata a yanke hukunci kafin a san yadda jirgin yake ba.

Asalinsa na mutanen Inuwit ne da danginsu, mazauna Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, ƙasar ƙanƙara inda bishiya ba ta girma. Itacen da teku ya tunkuɗo gaɓa suke tsinta, su haɗa da ƙasusuwan dabbobin ruwa. Maza ke haɗa kwarangwal: dogayen katakai biyu a gefe, ƙashin baya ɗaya a ƙasa, sai haƙarƙari da aka tanƙwara a jere. Babu ƙusa ko ɗaya. Da jijiya ake ɗaure kowace mahaɗa, don jirgin ya riƙa lanƙwasa kaɗan idan igiyar ruwa ta doke shi maimakon ya karye. Mata ke ɗinka fatar dabbar teku da ake kira sil, da wani irin ɗinki da allura ba ta ratsa fatar gaba ɗaya, don kada ruwa ya sami kafa. Awon ma da jikin mai jirgin ake yin sa: tsawo kimanin gaba uku na hannunsa, faɗi kuma ƙugunsa da ƙarin dunƙulen hannu biyu. Ke nan kowane jirgi na mai shi ne shi kaɗai.

Masu ƙera shi a Turai da Amurka yanzu sun bar fata. Zanen nailan mai kauri suke shimfiɗawa a kan kwarangwal, su ɗinke shi ta sama, su jiƙa shi, in ya bushe ya ɗame kamar fatar ganga, sannan su shafe shi da man da ke hana ruwa ratsawa. Irin wannan jirgi bai cika wuce kilo 15 ba, alhali na roba mai tsawonsa yakan haura kilo 25.

Masu cewa a ƙera suna fara hujjarsu da hannu. Suna cewa duk sana'ar da aikin nan ke buƙata tana nan cikin Abuja, kowa na zaune a rumfarsa, ba a dai taɓa haɗa su a kan aiki ɗaya ba. Kafintocin Kugbo sun iya tsaga katako siriri su goge shi. A kasuwar katako ta Dei-Dei ana samun katako marar nauyi irin malaina da obece. Masu saƙa kujerun kwagiri a bakin titi kullum cikin gasa sanda suke suna tanƙwara ta yadda suke so, wanda shi ne ainihin aikin haƙarƙarin jirgi. Masu ɗinkin tamfol da rumfar keke mai ƙafa uku kuwa sun san yadda ake jan zane mai kauri ya kwanta a jikin ƙarfe ba tare da ya tattare ba. Kayan aikin ba su wuce zarto da matsefata da abin huda katako da igiya da babbar allura ba. In jirgin roba ya tsage, sai a nemi mai narka roba, wataƙila ya kama, wataƙila ya sake buɗewa. In na zane ya huje, allura da zare da ɗan ƙyalle sun wadatar, kuma in zanen ya tsufa a yaye shi a sa sabo, kwarangwal na nan.

Hujjarsu ta biyu ta tarihi ce, kuma tana da nauyi. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da wani ƙaton itace a ƙarƙashin ƙasa. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda awon kimiyya ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne mafi tsufa da aka samu a Afirka, kuma yana cikin mafiya tsufa a duniya. Sarkawan Yawuri da Argungu, da Kedawan ƙasar Nupe da suka riƙe fito a kogin Neja shekaru aru-aru, da Buduma na Tafkin Chadi masu ɗaure ciyawar ruwa su mai da ita jirgi, babu wanda ya jira masana'anta a cikinsu. Masu wannan ra'ayi suna cewa abin takaici ne a ce jikokin waɗannan mutane sai an auno musu jirgin roba daga ƙetare kafin su iya ratsa tafkin da ke bayan gidansu.

Suna kuma ƙarawa da batun daji. Kwale-kwalen sassaƙa yana cin gungumen babbar bishiya sukutum, irin madaci ko kawo, kuma manyan sun yi ƙaranci har ta kai a 2022 an sa madaci da kawo na Afirka cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Jirgin zane kuwa 'yan siraran katakai ne da mutum ɗaya zai ɗauka a kafaɗa.

Sai batun wasa. Ayomide Bello ta wakilci Najeriya a tseren kwale-kwale a Olamfik na Tokyo, ta kuma koma na Faris a 2024. Ba wanda ke cewa da jirgin zane za a je Olamfik, don na gasa ƙira ce ta daban mai tsadar gaske. Amma kafin a sami gwani ɗaya sai yara ɗari sun riƙe filafili, kuma yara ɗari ba za su riƙe shi ba matuƙar jirgin koyo sai mai hali.

Masu cewa a bari ba da tarihi suke magana ba, da makabarta suke magana. A watan Mayun 2021 jirgin da ya taso daga Jihar Neja zuwa Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi ya dare a tsakiyar ruwa da fiye da mutum 150, kaɗan ne suka tsira. A ƙarshen Nuwamban shekarar, a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, jirgi ya kife da mutanen ƙauyen Badau, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa aƙalla 29. A Yunin 2023 a yankin Patigi na Jihar Kwara fiye da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki. Ranar 1 ga Oktoban 2024 da dare, kusa da Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa, wani jirgin ɗauke da kimanin mutum 300, yawancinsu mata da yara, ya nutse. Allah Ya jiƙansu da rahama. Jiragen nan na katako ne, ƙirar hannu, kuma saboda irin waɗannan masifu ne Ministan Harkokin Teku, Adegboyega Oyetola, ya yi ta kira ga jihohi su raba mutane da jiragen katako su koma na faiba. Masu wannan ra'ayi suna tambaya: a daidai lokacin da ake ƙoƙarin fitar da katako daga ruwa, shi ne za a shigo da zane?

Ba su tsaya nan ba, kuma hujjojinsu na gaba sun fi ta farkon ƙarfi a wurina. Kayak na asali siriri ne ƙwarai, faɗinsa bai cika wuce rabin mita da 'yan kai ba, kuma kifewa ɗabi'arsa ce. Ɗan Inuwit tun yana yaro ake koya masa yadda zai juyo da jirgin yana ciki ba tare da ya fita ba, don a ruwan ƙanƙara wanda ya fita ya mutu. Matashin Abuja da ya tashi a Kubwa ko Nyanya, sau da yawa ko iyo bai iya ba. Jirgin roba na zamani yakan zo da ɗakunan iska a gaba da baya, ko ya kife ba ya nutsewa. Na zane fayau yake daga kai har wutsiya, in ruwa ya shiga sai ya cika shi tam, sai fa in mai shi ya cusa jakunkunan iska a ciki tun kafin ya tashi. Wanda ya koyi ƙira daga bidiyon waya zai iya kwaikwayon siffa ya manta da wannan, kuma wannan ɗin shi ne rai.

Ga kuma yanayinmu. Ranar Abuja ta watan Maris tana cin nailan, tana busar da man da aka shafa har ya tsattsage. Gara tana jiran katakon da aka jingine a bayan ɗaki. Ƙarƙashin ruwanmu akwai fasassun kwalabe da guntayen rodi da ƙugiyoyin masunta. Ruwan da ba ya gudu kuma gidan dodon koɗi ne mai ɗauke da tsargiya, don haka mai koyon da zai yi ta kifewa yana tashi ba nutsewa kaɗai ce barazanarsa ba. Fatar dabba ma, da wani zai ce ai muna da majema a Kano da Sakkwato, ba za ta yi ba, domin ɗanyar fata a ruwa mai ɗumi laushi take yi ta ruɓe.

Abin da ya fi tsorata su shi ne kwaikwayo. In mutum ɗaya mai natsuwa ya ƙera nasa da kyau aka ɗauke shi hoto, goma za su tashi da leda da bututun ruwa da guntun katakon rufi, su nufi kududdufi ko tsohon ramin fasa dutse na Mpape, wanda ya yi suna a 2020 matasa suka riƙa tururuwa, ruwa mai zurfi da gaɓar dutse a tsaye. Wa zai duba jiragensu? Wa zai tsamo su?

Na daɗe ina auna maganganun nan, kuma ina ganin masu cewa a bari sun haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Jirgin fito mai ɗaukar jama'a da buhunan hatsi da babura daban, jirgin mutum ɗaya a tafki da rana tsaka daban. A haɗurran da aka lissafa, abubuwan da hukumomi da waɗanda suka tsira suka yi ta ambata su ne lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, kututturan da ke ɓoye a ruwa, tsufan jirgi, da rashin rigar kariya. Dokokin Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, sun riga sun hana tafiyar dare da wuce ƙima, sun kuma wajabta rigar. Jirgin faiba da aka yi don mutum 50, in aka ɗura masa 200 aka tashi bayan isha'i, shi ma ƙasa zai yi. Hannun masassaƙi ba shi ne ya kashe mutanen Warra da Gbajibo ba. Abin da ya kashe su shi ne babu mai tsayawa a bakin mashigi ya ƙirga kawuna ya ce ya isa, kuma babu gada ko hanyar mota da za ta sa su ƙi hawa.

Duk da haka ba zan ƙi gaskiyar da ke cikin maganarsu ba. Wanda zai ɗauki ran wani don kuɗi, dole jirginsa ya bi ma'auni, a duba shi, a yi masa rajista, a rubuta adadin da zai ɗauka a jikinsa. A wannan fagen ina tare da su ɗari bisa ɗari, kuma jirgin zane ba shi da wuri a cikinsa ko kaɗan. Kada wani ya ji an yabi sauƙinsa ya ce zai yi fito da shi a kogin Gurara.

Game da ƙarfi kuwa, zane bai kai raunin da ido ke gani ba. Saboda kwarangwal ɗin na lanƙwasa, zanen kuma na bayarwa, dukan da zai fasa abu mai tauri sau da yawa sai ya wuce. A 1976 da 1977 wani Bature mai suna Tim Severin ya ratsa Tekun Atlantika ta arewa, daga Ayalan zuwa Kanada, a jirgin da aka ɗinka da fatun shanu 49 a kan kwarangwal na itace. Ƙanƙara ta huda shi a hanya, shi da abokan tafiyarsa suka ɗinke hujin suna kan ruwa suka ci gaba. Abin da zane ke tsoro shi ne kaifi, ba duka ba, kuma maganin wannan shi ne sanin inda za a shiga ruwa da inda za a fita.

Akwai wani labarin da ya fi kusa da mu, wanda kuma yake ja wa masu zumuɗi kunne. A 1969 Thor Heyerdahl ɗan ƙasar Norwe ya ɗauko maƙera jirgin ciyawa daga Tafkin Chadi suka ɗaure masa babban jirgi, ya taso daga Safi ta Maroko zai ƙetare Atlantika. Jirgin ya yi makonni yana tafiya, ya ci mafi yawan hanyar, sannan ya fara warwarewa aka bar shi a teku. Gwanintar mutanen tafki ta kai shi inda ba wanda ya zata, amma ƙirar tafki ce aka kai teku. Kowane jirgi da ruwansa, kuma mai ƙira na gari shi ne wanda ya san iyakar abin da ya ƙera.

Saboda haka ra'ayina shi ne a ƙera, amma ba irin na Girinlan ba. Wannan siririn an yi shi ne don mafarauci mai bin dabba a cikin sanyi, mai son gudu da ɓuya daga iska. Mai koyo a Jabi ba farauta zai yi ba. Abin da ya dace da shi gajere ne mai faɗi, tsawo kamar mita 4, faɗi santimita 65 zuwa 70, ƙasansa a ɗan shimfiɗe, bakinsa a buɗe sosai yadda iska za ta shiga kuma in ya kife mutum zai zame ya fito ba tare da ƙafarsa ta maƙale ba. Zai rasa gudu, zai sami natsuwa. A zaɓi katako mai miƙaƙƙiyar tsaga marar ƙulli don dogayen gefuna, domin a kan ƙulli katako ke karyewa. Haƙarƙari a yi su da kwagiri ko ɗanyen itacen da aka turara. A ɗaure da igiyar nailan, kada a buga ƙusa, don ƙusa tana tsatsa tana kuma tsaga siririn katako. A shafe kwarangwal da mai kafin a sa zane, a ƙara wani ƙyallen a ƙasan gaba da baya inda jirgi ke gogar yashi. A cusa abin da ba ya nutsewa a kai da wutsiya, ko da jarkokin roba ne da aka toshe bakinsu aka ɗaure su da kyau. In an gama a ajiye shi a inuwa, a rataye, nesa da ƙasa.

Gwaji kuma ba a tsakiyar tafki ake yin sa ba. A kai shi ruwan da bai wuce ƙugu ba, a ɗora masa buhunan yashi masu nauyin mutum, a bar shi a ga ko yana yoyo. Sannan a cika shi da ruwa da gangan a ga ko zai tsaya a sama. Sannan mai shi ya shiga da rigar kariya, da wani a tsaye kusa, ya kife da kansa ya fito, ya maimaita har tsoro ya bar shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai iya iyo ba, ya fara da koyon iyo kafin ya sayi katako ko ɗaya.

Tsoron kwaikwayo gaskiya ne, amma hani ba ya maganinsa. Yaron da aka hana a fili zai je ramin Mpape a ɓoye da abin da ya harhaɗa. Wanda aka koya wa a gaban malami zai san dalilin jarkokin nan, ya kuma gaya wa abokinsa. Shi ya sa nake ganin aikin ya fi dacewa da makarantun koyon sana'a da ƙungiyoyin matasa da kulab ɗin da ke bakin tafkin, inda za a haɗa kafinta da mai ɗinkin tamfol da mai koyar da iyo a rumfa ɗaya. A kuma gayyato masunta da sarakunan ruwa na yankin Abaji da Kwali, domin sun san halin iska da hadari da ruwan da ke tasowa bayan an yi ruwan sama, ilmin da babu shi a bidiyo.

Kirana ga NIWA da Hukumar Birnin Tarayya shi ne su fitar da ƙa'ida mai sauƙi ta ƙananan jiragen da ba su da inji: a ware musu gefe a Jabi nesa da masu inji, a sa ranar da mai duba jirgi zai zauna a bakin ruwa, a hana kowa shiga ba riga, a rufe kafin magariba. Kai kuma mai sha'awar ƙerawa, kada ka fara kai kaɗai, kada ka ɗauki yaro a jirgin da ba ka kife da shi ka fito ba, kuma kuɗin rigar kariya ka ware shi tun kafin kuɗin zane.